Sa'a ce ko ƙoƙari?

Malam, ka tambaya ko nasara sa'a ce ko ƙoƙari. Ni dai a ganina, mai cewa guminsa kaɗai ya kai shi ya ci haƙƙin rabo.

Dubi Alexander Fleming, wani masanin ƙwayoyin cuta. A 1928 ya dawo daga hutu, ya tarar wani farantin ƙwayoyin cuta a ɗakin gwajinsa na Landan ya yi fumfuna, ƙwayoyin da ke kewaye da ita kuwa sun mace. Da wani ne, wanke farantin zai yi. Shi ya tsaya ya duba, asalin maganin penisilin ke nan. Amma fa tace shi ya gagare shi. Wasu masana biyu, Florey da Chain, ne suka sha wannan wahalar a Jami'ar Oxford, su ukun suka raba kyautar Nobel a 1945.