Tambaya da Amsa: Bilakberi Mai Ƙaya da Ke Jure Sanyi

Tambaya: Assalamu alaikum. A inda nake zaune ƙanƙara takan rufe ƙasa na tsawon watanni, kuma an ba ni shawarar in dasa bilakberi (wani tsiro mai ƙananan baƙaƙen 'ya'ya da ake ci) mai ƙaya maimakon marar ƙaya. Mene ne halayen wannan iri, kuma amfaninsa ya kai wahalar ƙayarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya ba ka wannan shawara ya san abin da yake faɗa, domin irin da suka fi jure tsananin hunturu galibi masu ƙaya ne da ke tsayawa a miƙe. Biyu daga Amurka sun yi suna a nan: Darrow, wanda tashar binciken aikin gona ta Geneva a Jihar New York ta fitar a 1958, da Illini Hardy na Jami'ar Illinois, wanda kan tsira daga sanyin da ya kusa digiri 30 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas.

Abin da ya sa juriyar nan take da muhimmanci shi ne yadda tsiron yake rayuwa. Saiwarsa tana daɗewa shekara da shekaru, amma kowane kara shekara biyu kaɗai yake yi: a ta farko ganye kawai yake fitarwa, a ta biyu ya yi fure, ya ba da 'ya'ya, sannan ya bushe. Saboda haka idan sanyi ya kashe karan da suka fito bana, saiwar za ta sake tohowa baɗi, gonar ta yi kore shar, amma ba za ka tsinki ko ɗaya ba. Wannan ce asarar da masu dasa irin marasa juriya suke yawan tafkawa, har su ɗora wa ƙasa ko taki laifi.

Sai dai ƙarfin girmansa aiki ne a kanka. Yana fitar da sababbin tsirrai daga saiwa nesa da inda aka dasa shi, kuma wanda ya yi sakaci shekara biyu zai tarar da sarƙaƙiyar da ba ta shiguwa. Ka riƙa datse kan sabon kara idan ya kai kamar mita ɗaya domin ya yi rassa, ka sare waɗanda suka gama haihuwa daga tushe, ka tumɓuke duk abin da ya fito a wajen layi. Safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu dole ne.

'Ya'yan ba sa ƙara zaƙi bayan an tsinke su, don haka kada baƙinsu ya ruɗe ka, ka jira ƙyallinsu ya ɗan dusashe tukuna. A ganina, muddin hunturunku ya kai yadda ka bayyana, mai ƙayar ne ya dace da kai.