Fulat ɗin gado a Garki: kowane dillali da nasa farashin, wanne za mu kama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana fulat mai ɗaki uku a Garki Area 2 da ke Abuja, hawa na biyu, cikin gidajen da gwamnati ta sayar wa ma'aikata. Yayanmu yana so ya saya ya ba kowa rabonsa. Wani dillali ya ce miliyan 45, wani ya ce har 70 za a samu, yanzu gidan namu har an fara 'yar tsama. Don Allah ya ake gane ainihin kuɗin gida?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kin yi kyau da kika tambaya tun kafin maganar ta yi nisa, don na sha ganin 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kan abin da awo da lissafi na sati biyu zai warware.

Abu na farko da nake so ki riƙe, kuɗin da aka sa wa gida daban, kuɗin da aka sallama shi daban. Duk farashin da kike gani a intanet ko a status ɗin dillalai na WhatsApp buri ne na mai gida, wani ma dillali uku ne suka ɗora nasu a kai kafin ya iso gabanki, kuma gidan zai iya shekara yana yawo ba wanda ya taya. Darajar fulat ɗinku ita ce abin da mai saye da kuɗinsa a hannu zai biya yau, ba tare da an matsa masa ba kuma ku ma ba matsuwa ce ta sa kuka sayar ba. Su dillalan nan biyu ban ce ƙarya suke ba, amma kowa da inda ya dosa, mai cewa 70 yana so ku damƙa masa gidan ne ya riƙe, mai cewa 45 wataƙila yana da mai saye a ƙasa yana so a gama da wuri ya karɓi la'adarsa.

Toh ya za ku yi? Ku nemo fulat uku zuwa biyar irin naku da aka riga aka sayar, cikin wata shida zuwa shekara ɗaya, a nan Area 2 ɗin ko maƙwabta kamar Area 1 da Area 3. Kar ki kwatanta da Wuse 2 ko Maitama, kar kuma ki kwatanta da Kubwa ko Lugbe, kowacce kasuwarta daban. Kuma kar ki je baya da yawa, tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 komai ya birkice, buhun siminti da ake saye wajen dubu biyar sai da ya haura dubu goma a farkon 2024, cinikin da aka yi a 2022 ba zai gaya miki komai ba yau. Inda ake samun labarin gaskiya shi ne wajen maƙwabta, shugaban ƙungiyar mazauna bulok ɗin, lauyan da ya rubuta yarjejeniyar cinikin, kai har maigadi, shi ya san ranar da sabon mai gida ya tare kuma yawanci ya ji nawa aka biya.

Daga nan sai a fara ragi da ƙari, kuma nan ne aikin yake. Gidajen nan na Garki tsofaffi ne, ginin farkon Abuja, ɗakunansu manya kuma wurin tsakiyar gari ne, wannan shi ne ƙarfinsu, amma famfo da wayoyin wuta sun tsufa. Ki je da kanki ki ɗaga kai ki duba silin na banɗaki da kicin, in kin ga jirwaye ruwan kasa-kasa to banɗakin na sama ne ke yoyo, ki shafa bango ta ƙasa kusa da tayil ki ji ko fenti na ɓarewa kamar gari. Na taɓa zuwa duba wani fulat an shafe shi da sabon fenti fes, ƙamshi ko ina, ina jawo wadirob daga jikin bango sai ga baƙin danshi tun daga ƙasa har kusan kafaɗata, gyaran wannan kaɗai sai da aka zabge wa mai gidan miliyoyi. Hawa na biyu babu lif yana rage masu saye, dattawa ƙasa suke so, amma in ba ku ne na ƙarshe ba kun tsira daga zafin rufi da yoyon damina. Sai ruwa, na famfon gwamnati ne ke zuwa ko sai an sayi na tanka, sai wuta wane layi kuke a AEDC, wato kamfanin raba wutar lantarki na Abuja, akwai mita ko babu, akwai bashi a kanta ko babu, wurin ajiye mota nawa fulat ɗin ke da shi, sokawe na cika da damina ko a'a. Kowanne da kuɗinsa.

Hanya ta biyu ita ce ta haya, ita nake amfani da ita in gwada ko lissafin farko ya tsaya. Misali kawai zan ba ki, ba farashin kasuwa ba, a ce an sayar da na maƙwabcinku miliyan 60 kuma hayarsa miliyan 4 a shekara, kinga hayar shekara 15 kenan. In naku miliyan 3 da rabi ake biya, sau 15 ya ba ki miliyan 52 da rabi. In wani ya ce miki 70 a kan wannan hayar to yana nufin mai saye zai jira shekara 20 kafin kuɗinsa su dawo, ba a cire gyara da watannin da gida zai zauna ba kowa ba, sai ki tambaye shi wa zai yarda da haka alhali ga na kusa a 15.

Amma wallahi abin da ya fi ɗaga farashi ko ya kayar da shi a Abuja takarda ce. Gidajen nan an fara sayar da su ne a 2005 lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana ministan Abuja, kuma ma'aikata da yawa da bashin banki suka saya, saboda haka ku tabbatar Baba ya gama biya kuma C of O ɗin, wato takardar shaidar mallaka, yana hannunku, ba takardar tayin sayarwa kaɗai ba. Ku sa lauya ya yi bincike a AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, a ga sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da gidan, ko akwai bashin harajin fili na shekara-shekara. Wannan na ƙarshen kar ku raina shi, a watan Maris na 2025 hukumar Abuja ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda an shekara sama da goma ba a biya ba. Sannan tunda sunan mamaci ne a kai, sai kun samo takardar kotu ta izinin kula da dukiyarsa kafin a iya mayar da sunan yayanku. Mai saye na waje duk wannan wahalar cirewa yake daga kuɗi, ku ma ku zauna ku yanke tun yanzu wa zai ɗauki nauyinta, daga dukiyar gaba ɗaya za a fitar ko yaya ne zai biya.

Da a ce sayarwa kawai za ku yi da na ce abin da na faɗa ya ishe ku ku shiga ciniki. Amma wannan gado ne, haƙƙin mutane ne, wataƙila har da ƙanana da mahaifiyarku, kuma mai sayen ɗan gida ne wanda ƙannensa za su ji nauyin ce masa albarka. Don haka ni shawarata ku haɗa kuɗi ku ɗauki ƙwararren mai kimanta kadara wanda ke da rajista da ESVARBON, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, ki nemi lambar rajistarsa da hatiminsa, kar ya zama abokin yaya ko na wani a cikinku, kuma ku yi jinga da shi tun farko ta yadda kuɗin aikinsa ba zai dogara da a sayar ko kar a sayar ba. Ku ce masa farashin kasuwa kuke so a rubuce, ba farashin sayarwar gaggawa da bankuna ke nema ba, don wancan kullum ƙasa yake. Ya rubuto muku cinikayyar da ya kwatanta da su da kwanan wata, a karanta rahoton a gaban kowa da malamin da zai raba gadon. In yaya ya amince da adadin a sa ranar biya kusa, wata ɗaya ko biyu, in kuma ya ja har aka wuce wata shida ba a biya ba to a sake kimantawa kafin a raba.