Tambaya da Amsa: Yawan Takardu Ne Tasiri?

Tambaya: Malam, don Allah ya ake gane mai bincike kan lafiyar ƙwaƙwalwa ya yi tasiri, yawan takardun da ya wallafa ne?

Amsa: Ƴar'uwa, yawa kaɗai bai isa ba gaskiya. Dubi Marsha Linehan da ta koyar a Jami'ar Washington a Amurka, ita ta ƙirƙiro hanyar jinyar DBT, wato jinya ta hanyar tattaunawa da ke koya wa mutum sarrafa damuwarsa, kuma bincikenta na 1991 ya nuna matan da aka yi wa wannan jinyar sun rage yunƙurin cutar da kansu, shi ya sa asibitoci suka rungume ta, har yau ana koyar da ita. Jami'o'i kuma suna ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci aikin mutum, amma ni na fi duba ko ya kai ga marar lafiya.