Kobo mai huji na zamanin Shehu? Riƙe kuɗinka

Wasiƙun wannan mako duk daga ɗalibai suke, masu shirin fita sanin makamar aiki, abin da kuke kira IT, a wuraren tarihi na nan Sakkwato.

Wata ɗaliba daga Mabera ta ce: Baba, na samu gurbi a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, aikin zagayawa da 'yan makaranta ana yi musu bayani. Wani kamfani kuma zai ɗauke ni da ɗan alawus. Ni ko kunyar magana gaban jama'a gare ni, har muryata rawa take yi. Ina zan nufa?

Ɗiyata, kwantar da hankalinki, rawar murya mako biyu ce. Tambayi kamfanin aikin da za ki riƙa yi. In fotokwafi ne da sayo wa oga abinci har a gama, tafi gidan tarihi. Sai dai ki lissafa kuɗin keke daga Mabera, zuwa da dawowa, kafin ki amsa, kuma kada ki ɗora tukunya kan alawus ɗin gwamnati, ba ya zuwa da wuri. Ki riƙe shekaru huɗu ram: hijira daga Degel zuwa Gudu 1804, faɗuwar Alkalawa 1808, wafatin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo 1817, shigowar Turawa ta Giginya 1903. Sauran duk labari ne. Yara ba su cika riƙe lamba ba, amma ba su labarin 'yan taru, ƙungiyar mata ɗalibai ta Nana Asma'u, da jajin da ake sa wa malfa ta jagoranci mata zuwa ɗaukar karatu, ki ga yadda za su yi tsit. In an tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce za ki tambayo.

Wani daga Arkilla yana son sanin ko ya ci bashi ya sayi kyamara da sabuwar shadda, don baƙi su ga girmansa.

Girman me? Wayar da ka rubuto mini da ita tana ɗaukar hoto, kuma ba ko'ina ake bari a ɗauka ba. Sayi takalmin fata mai laushi wurin dukawa, da gorar ruwa, da littafin rubutu. Ranar Afrilu ta Sakkwato za ta yi maganin shaddar.

Ɗalibi daga Runjin Sambo: Malam, wani ya kawo mini kobo mai huji da 'yan takardun ajami, ya rantse na zamanin Shehu ne, ya ce naira dubu 40. Ina so in riƙa nuna wa yara. In saya?

Ɗana, kada ka kuskura. Wannan ita ce wasiƙa ta uku irinta a bana, don haka bari in zauna a kanta.

Zamanin Shehu da kuɗin wuri ake ciniki, da kuma dalar azurfa mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Kobo da anini masu huji kuɗin Turawa ne, sai wajen 1907 aka fara buga su, shekara 90 bayan wafatin Shehu. Juya kobon ka gani, sunan sarki ko sarauniyar Ingila ne a jiki. Ita ma dalar kada shekararta ta ruɗe ka: 1780 aka ci gaba da bugawa a kanta, har waɗanda aka ƙera shekaru aru-aru bayan nan.

Takardun kuwa, ba abin da ya kai su saukin jabu. A jiƙa sabuwar takarda da ruwan shayi, a rataye ta a madafa hayaƙi ya bi ta, a ɗan ƙona gefe, ta zama ta kaka da kakanni. Masana kan ɗaga takarda su haska ta da rana, domin yawancin na da daga Italiya aka kawo su ta Sahara, da tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinsu. Suna duba hannun marubuci da irin tawadar, su bi diddigin gidan da ta fito. Kai da ba ka ko fara aikin ba, da me za ka auna?

To mu ce ma na gaske ne. Nan ka fi shiga uku, don dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi, sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi. Wataƙila ma daga akwatin wani tsohon malami aka zare su, magada ba su sani ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaran. Ka tsaya gaban 'yan aji biyar ka ɗaga kobon Turawa ka ce na Shehu ne, su arba'in sun tafi gida da ƙarya, kuma da sunan gidan tarihi. Kai wa shugaban sashenku maganar, ka bar dubu 40 ɗinka ta yi maka kuɗin mota.

Na ƙarshe yana so ya hau kabu-kabu shi kaɗai ya je kufan Surame, birnin Muhammadu Kanta na Kabi da ke yankin Binji, ya ɗauko hoton ganuwar dutse don rahotonsa.

Wurin ya cancanci gani, amma ba kai kaɗai ba, kuma ba a wannan yanayi na hanya ba. Sai da takardar makaranta, da rakiyar ma'aikata, da sanin hakimi. In bai samu ba, ga Hubbare nan cikin gari, ga Masallacin Shehu kusa da shi, sun ishe ka rahoto.