Jijiya, bugun zuciya da icen da ya bushe

Tambaya: Malam, likita ya ce jijiyoyin mahaifina mai shekara 70 sun yi tauri. Wace jijiya ake nufi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Kalmar jijiya tana ɗauke da kaya da yawa, domin da wadda ke agara, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, har da saiwar itace, duk jijiya muke ce musu. Jijiyar jini likitan yake nufi, kuma ya kamata a riƙa cika sunan. A ƙuruciya, jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya tana talewa kamar roba idan jini ya harbo, sannan ta koma yadda take. Idan shekaru suka ja, sai bangonta ya yi kauri ya daina talewa, dole zuciya ta ƙara ƙarfin turawa, har namanta ma ya yi kauri. Shi ya sa lambar sama ta awon jini ke hawa ga dattawa, kuma idan awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye, an shiga hawan jini.

Tambaya: Daidai ne a ce wane ya rasu sakamakon bugun zuciya?

Amsa: Wannan magana ta daɗe tana damuna, kuma a rediyo na fi jin ta. Bugun zuciya ai shi ne alamar rai, domin zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Abin da ke kisa shi ne jijiyar da ke ciyar da naman zuciya ta toshe, bayan kitse ya yi shekaru yana taruwa a bangonta, sai gudan jini ya rufe ɗan abin da ya rage. Toshewar jijiyar zuciya ya kamata a ce. Haka ma ciwon zuciya, wanda a bakin Bahaushe ya daɗe yana nufin baƙin ciki, tun da a wajenmu zuciya mazaunin fushi da haƙuri ce, shi ya sa muke cewa wane ya yi zuciya. Illar wannan ruɗani ba ƙarama ba ce: tsoho zai ce ƙirjinsa ya yi nauyi yana haki, 'ya'yansa su ce tunani ne, su ba shi haƙuri maimakon su kai shi asibiti.

Tambaya: Karin maganar icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ta shafi lafiya?

Amsa: Asalinta tarbiyyar yara ce, Hajiya, amma ta zauna daram a kan jijiyar jini, domin rage gishiri, barin taba da yawan tafiya da ƙafa sun fi amfani tun jijiyar ba ta bushe ba.

Tambaya: Jiri ko juwa, wanne ne daidai ga tsohon da ya miƙe sai kansa ya juya?

Amsa: Duka Hausa ce. Jini ne ke jinkirin hawa kai, don haka ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe.