Ni ne admin kuma ni ne sarki, ga zaurenmu yana mutuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Agege, kayan waya nake sayarwa. Shekara guda ke nan da muka buɗe zaure a WhatsApp muna wasan kwaikwayo a rubuce. Mun ƙirƙiro wata masarauta, kowa da rawar da yake takawa: sarki, waziri, fatake, 'yan fashi, har da boka. Mun kai mutum 70, daga Agege, Mile 12 da Idi-Araba. Yanzu masu magana ba su wuce goma ba. Sababbin shiga suna cewa tsofaffi sun yi babakere, wasu kuma suna zargina da son kai. Ni ne admin, kuma ni ne sarki a wasan. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ciwon yana cikin jumlarka ta kusa da ƙarshe. Kai ne sarki a cikin labari, kai ne kuma mai ikon korar mutum daga zaure. Ka ɗauka ɗan fashin wasanku ya shirya kwace ayarin sarki, aka yi gardama kan ko ya yi nasara. Wa zai yanke hukunci? Mai ayarin. Ko da ka fi kowa tsoron Allah, wanda ya faɗi ba zai yarda an yi masa adalci ba, kuma ba zai tsaya jayayya da kai ba. Shiru zai yi, bayan mako biyu ka neme shi ka rasa. Yawancin sittin ɗin da suka yi shiru, ina kyautata zaton ta wannan ƙofar suka fita.

Masu wannan harka sun daɗe da gano haka. Wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ya ware mutum guda da aikinsa shi ne jan ragama. Shi ke faɗin yadda gari yake, abin da ke bayan ƙofa, da abin da ya biyo bayan matakin kowa. Jaruman labarin kuwa sauran 'yan wasa ne. Idan an zo inda za a iya ci ko a faɗi, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, kowa yana gani. Wannan ƙwayar ta kashe rigingimu da yawa, domin ba ta da aboki. A Telegram, idan ka aika hoton ƙwayar ludo shi kaɗai, manhajar da kanta take fitar da lamba daga 1 zuwa 6, babu mai iya murɗa ta. A WhatsApp kuna iya sa wanda ba shi da hannu a rigimar ya jefa ta gaske, ya ɗauki bidiyo ya tura. Amma ku amince da ma'anar lambobin kafin a jefa, ba bayan an gani ba.

Saboda haka zaɓi ɗaya: ko rawani, ko alƙalanci. Ni dai da na ce ka riƙe alƙalancin, tunda kai ka san tarihin masarautar tun daga tushe.

Sai dokoki. Kada ka rubuta talatin, babu mai karantawa. Akwai guda biyu da kusan duk manyan zaurukan intanet na wasan bidiyon GTA, inda mutane ke irin wannan wasan kwaikwayo, suke da su, kuma sun dace da naku. Ta farko, ba a tilasta wa rawar wani sakamako. Kana iya rubuta cewa ka zaro takobi ka kai wa waziri sara, amma ba ka da ikon rubuta cewa ka fille masa kai. Shi zai amsa, ko ƙwaya ta raba. Ta biyu, abin da ka sani a waje, wanda kake kwaikwaya bai san shi ba. Idan abokinka ya gaya maka a wurin mai shayi cewa za a yi juyin mulki daren Juma'a, sarkin cikin labari bai ji ba, sai in wani ya kai masa tsegumi a cikin wasan. Wannan ta biyun ta fi wuya a wurinmu, don mutanenku maƙwabta ne, masallaci ɗaya kuke salla.

Akwai wani rashin adalcin da ba a cika lura da shi ba, kuma a Legas ya fi tsanani: lokaci. Mai sauke tumatir da tattasai a Mile 12 tun kafin asuba yake kan ƙafa, ƙarfe tara na dare ya yi barci. Mai gadi a Lekki sai tsakar dare yake samun sukuni. Wani ya maƙale a cunkoson Oshodi waya ta mutu, wani an ɗauke musu wuta, wani datarsa ta ƙare sai ƙarshen wata. Mai zaman shago irinka kuwa waya na hannunsa yini guda. Idan labari yana tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa zama a kan waya, to mutum goman nan su za su mallake komai ba tare da sun yi niyyar mugunta ba. Ka kafa doka: ba a kashe mutum, ba a ƙwace dukiyarsa ko muƙaminsa sai an ba shi awa 24 ya amsa. Manyan abubuwa kamar yaƙi da naɗi a sa musu rana tun da wuri, a riƙa sauya lokacin, wannan karon bayan isha'i, wani karon Lahadi da la'asar.

Sababbin shiga kuma kada a ce musu "zaɓi rawarka ka fara". Baƙo ba ya kutsawa cikin hirar da aka shekara ana yi. Ka ba shi igiya a hannu tun ranar farko: shi ne ɗan aiken da ya zo da wasiƙar da waziri ba ya so a karanta, ko shi ke bin madugu bashi. Dole tsofaffi su neme shi. A wasan kalankuwa na ƙauyukanmu, samari sukan naɗa gwamna da alƙali da 'yan sanda na wasa, in biki ya watse kowa ya ajiye muƙami. Ku ɗauki wannan: kowane wata uku a rufe babi, manyan kujeru su koma kasuwa.

Kada ka sayar da sarauta, ko da kuɗin data ne. Kamfanin Rockstar, mai wasan GTA, ma, a ƙa'idojin da ya fitar a 2022, ya hana masu zaurukan GTA sayar da kuɗin cikin wasa da kuɗin gaske. In ana buƙatar gudummawa, a yi karo-karo a fili, kuma kada ta sayi komai a labari.

Hukunci ya zama mataki-mataki, a rubuce: jan kunne a keɓe, dakatarwa ta kwana uku, sannan kora. A samu mutum uku daga unguwanni daban-daban da za a ɗaukaka ƙara gare su, har a kan hukuncinka. Zagin iyaye, ƙabila ko aƙida kuwa ba ya shiga rigar wasa, ko da mutum ya ce ɗan fashinsa ne ya faɗa.

Game da rawanin, kada ka sauke shi da sanarwa kawai. Ka fara gaya musu gaskiya a wajen wasa, cewa ka ji ƙorafinsu kuma za ka bar kujerar. Sannan a cikin labari sarki ya kwanta ciwo ba tare da ya ambaci magaji ba. Kafin ranar, ka bi waɗanda suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya ta waya, ka ba kowannensu ƙuri'a a majalisar masu zaɓen sarki.