Dalilin da ya sa ba mu kira Kaka a daren nan ba

Ɗiyata, saƙonki ya iso mini nan Tawa. Kin ce ranar da ƙanen Kaka ya rasu a Abijan kowa ya ji tun bayan isha'i, amma muka hana a kira ta, sai da hantsi muka tura dattawa biyu. Kina tambaya ko wannan ba ɓoye gaskiya ba ne. A'a. Gaskiya aka faɗa mata, lokaci da bakin faɗa kawai aka zaɓa.

Da suka shiga, sun tarar ta karya kumallo, ta sha maganin hawan jininta. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa a tsanake, gwaggonki ta matso ta zauna jikinta. Farko aka ce jikin Malam ya yi tsanani. Ta ajiye carbi ta dube su. Sannan babban ya ce, "Sai haƙuri, Hajiya." Ita da kanta ta fara salati.

Iyayenmu ba su san sunan abin ba, amma sun ga aikinsa. A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka mai zuba sinadarai biyu cikin jini in mutum ya firgita. Adirenalin yana sa zuciya dukan uku-uku, jini ya hau. Kotizol kuma yana ƙara sukari a jini don a samu ƙarfi. Ke da ƙuruciyarki, da firgicin ya wuce ƙwaƙwalwa za ta tsayar da su. Tsoho kuwa birkinsa ya ci: kotizol ɗinsa yana daɗewa bai sauka ba, ko da dare ma, lokacin da ya kamata ya yi ƙasa don barci ya zo. Ga jijiyoyin jini sun yi tauri, ga wasu da ciwon sukari. Kwana nawa Kaka za ta yi ido biyu in an faɗa mata da tsakar dare, ita kaɗai a ɗaki?

Lokotoro sun san wani ciwo da aka fara bayyanawa a Japan a 1990, takotsubo, inda mummunan labari ke raunana tsokar zuciya nan take. Yawancin masu kamuwa da shi mata ne da suka manyanta. Abin da muke tsoro ke nan.

Inda ban yarda da wasu danginmu ba shi ne a ja abin har bayan sadakar uku. Wannan zalunci ne. Tana da haƙƙin yi wa ɗan'uwanta addu'a, a zo mata gaisuwa.

Abin da ke damuna yanzu salula ce. Kafin manzo ya ɗaura rawani, yaro ya riga ya saka hoton mamaci a WhatsApp, jika ya kai wa tsohuwa har gado. Don Allah ki gaya wa ƴan'uwanki na Yamai, in an yi rasuwa kada kowa ya saka komai sai mun sanar da ku cewa tsofaffin gida sun ji. Ki kuma kira Kaka ran Juma'a, tana ta cigiyarki.

Kawunki